Barcin Zomo

Ranar da aka ce mu ajiye jirgin
ba hadari a gabas, ba iska.
Takarda ce ta zo daga ofis, layi huɗu:
kuɗin dako ya faɗi,
abin da za mu ɗauko ba zai biya man da za mu ƙona ba.

Muka ja shi can nesa da tasha,
inda wasu goma sha ɗaya suka riga mu kwanciya,
hanci duk a gefe guda
kamar shanu a zangon da ba ciyawa.
Muka saki anga. Ƙarar sarƙar
har yau tana cikin haƙorana.

Ni na kashe injin da hannuna.
Shekara tara ina kwana da gurnaninsa,
da ya yi shiru sai barci ya ƙi ni.
Na tsiyaye ruwan bututu, na shafe ƙarafa da giris,
na ɗaure bakin hayaƙi da tamfol
yadda ake ɗaure bakin tulu.
Kyaftin ya ce barcin zomo ne, ido buɗe,
kasuwa na motsawa za a kira ku.
Aka bar mutum biyar su yi gadi,
sauran aka ba mu kuɗin mota.

Ga ni a Bukuru, cikin rigar sanyi biyu,
garin da ruwansa mafi faɗi
ramin da aka haƙe kuza ne.
Lantana ba ta tambaye ni yaushe ba,
ta dai rage naman miya.
Ƙaramar ce ta ce, Baba,
wa ke ba jirgin abinci?

Da la'asar na bi ta tsakanin duwatsu
zuwa tafkin da mahaifina ya yi aiki.
Injin haƙan yana nan inda suka bar shi,
wuyansa a sama, ciyawa ta fito ta haƙarƙarinsa,
ƙadangaru na shan hantsi a kujerar direba.
Tsoho Dalyop, da suka yi zamani tare,
yana zaune a gindinsa yana ɓare masara.
Ya ce, mu ma giris muka shafa masa.
Sati shida, in ji Bature.
Ubanka ya ajiye takalmin aikinsa a ƙarƙashin gado
har aka fitar da shi daga ɗakin.

Ban ce komai ba.
Tsatsa ba ta sallama, na sani,
ba ta kuma gaggawa.

Amma ƙasan tafkin, kabeji ne kore shar,
da karas, da dankalin Turawa,
suna shan ruwan ramin da kuza ta bari.
Wani yaro na ta jan igiyar injin ban-ruwa
yana zaginsa, ya ƙi tashi.
Na ce, kauce. Na buɗe, na hura, na goge fulogi.
Ya yi tari sau biyu, ya kama.
Ƙaramin gurnani ne, bai kai na maraƙi ba,
duk da haka ƙirjina ya amsa.

Yanzu injuna bakwai ke hannuna a bakin tafki,
ana biyana da ɗan canji, wani lokacin da tumatir.
Jakata kuwa ban kwance ta duka ba.

Duk Alhamis ina hawa dutsen bayan gida,
inda waya ke kamawa,
in kira Ekpo can kan teku.
Ba na tambayar kasuwa, ya gaji da wannan.
Sai in ce, ka juya masa ƙarfen farfela?
Ko taku ɗaya ne, juya shi,
kada ya manta hanyar juyawa.
Ya ce, na juya.
Ina jin ruwa na mari jikin ƙarfe a bayansa
kafin kuɗin wayar ya ƙare.